Sauran Amana a Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da makon da na naɗa kaina bakanike ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, ina koyar da kimiyya a wata firamare a Gada Biyu, ina ji da kaina ba kaɗan ba. A zauren gidanmu na Nasarawa Gwom akwai wani babur lulluɓe da buhuna tun ina ɗan makaranta. Na Oga Nweke ne, tsohon maƙwabcinmu mai gyaran babura. Lokacin rikicin da ya sa mutanen kudu suka bar Jos a guje, ya turo shi zaurenmu ya ce Baba ya ajiye masa. Baba tela ne, bai san kan inji ba, amma ya san amana. Fiye da shekara goma babu wanda ya hau babur ɗin nan. Ko jingina ka yi da shi, ranar sai ka yaba wa aya zaƙinta.

Kwatsam sai ga wasiƙa: Oga Nweke yana raye, zai zo ranar Asabar. Baba ya share hawaye ya ce, "Da rai ya ba ni abin nan, da rai nake so in mayar masa. A nemo bakanike."

Na ce, "Haba Baba, ina gidan nan za a nemo wani?" (Ina da wani littafin Turanci mai hotunan inji, na karanta shi har shafi na tara.)

Babur ɗin kafireto biyu gare shi, wato 'yan tukwanen da mai yake haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Da na buɗe, tsohon fetur ya daskare a ciki kamar ƙaro, ga wari. Duk mai hankali ɗaya yake kwancewa ya bar ɗaya, don ya riƙa duba yadda aka jera kayan. Ni da yake na yi boko, sai na kwance duka biyun lokaci guda, na zuba su a kwano ɗaya na jiƙa da kananzir. Kwana uku ina gurzawa ina hure ramuka. Gaskiya sun yi ƙyalli, wannan kam ba wanda zai ƙwace mini.

Da yammacin Juma'a na mayar da komai, na ɗaure tam. Sai na leƙa kwano na ga saura: wasu 'yan ƙarafa biyu masu tsini, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa uku ba. Na juya su, na duba littafi, ban ga hotonsu ba. Nan take na yanke hukunci cewa Turawan da suka ƙera abin ne suka yi almubazzaranci. Na jefa su aljihun rigata don kada Baba ya gani. Gwaji kuwa babu, domin Baba ya ce mai shi ne zai fara tayarwa. Raina ya so hakan ƙwarai.

Ranar Asabar unguwa ta taru a ƙofar gida. Oga Nweke ya iso, kansa duk furfura, suka rungume juna da Baba. Sannan aka turo babur.

Baba ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ga kayanka, maƙwabci. Ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba, Allah ne shaida. Ɗana malamin kimiyya ya wanke maka shi ciki da waje."

Da na yi shiru a nan da an rage. Amma sai da na yi wa jama'a ɗan bayani a kan iska da mai, har da nuni da yatsa.

Aka zuba fetur a tanki. Oga Nweke ya murɗa famfon mai. Ko ƙafa bai ɗora ba, sai ga fetur yana tsiyaya daga kafireto duka biyun, shaaa, a kan sabon takalminsa. Daga bayana na ji wani yana raɗa, "An dai sayar da kayan ciki." Baba ma ya ji. Na ga fuskarsa ta faɗa, kuma ban taɓa jin tsoro da kunya irin na wannan lokacin ba. Mutumin nan shekara da shekaru yana gadin abu, ni na zubar masa da mutunci a kwana uku.

Oga Nweke ya rufe famfon, ya tsuguna, ya kwance gindin kafireto ɗaya ya leƙa. Sai ya miƙo mini tafin hannu.

"Ticha, kawo."

Na ce, "In kawo me, Oga?"

"Abin da yana tare mai. Ni na koya ma yara aiki plenti. Duk wanda ya haɗa inji ya ga saura, aljihu ne yana sawa. Kawo aljihu."

A gaban unguwa, har da iyayen ɗalibaina, na zazzage aljihu: guntun alli, ɓarin goro, da 'yan ƙarafan nan biyu. Ya tsince su, ya ɗaga sama, ya juya wajen Baba.

"Malam, gaskiya ka faɗa. Ba abin da ya ɓata. Wani a babur, wani a aljihun Ticha."

Dariyar da aka yi, ina jin har can unguwar Kabong an ji ta. Kafin a kira la'asar ya haɗa komai, ya buga sau biyar, babur ya yi tari ya tashi da hayaƙi. Baba ya yi hamdala, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Allah ya yi maka albarka. Amma kada in ƙara ganinka kusa da keken ɗinkina."

Tun daga ranar na gane cewa in ka haɗa abu ka ga saura, ba maƙera ne suka yi kuskure ba. In kuma ka dage sai ka ɓoye, to ka sake riga kafin mai kaya ya iso.