Burtun da Ya Yi Atishawa

Wani aboki ya ba ni wannan labari a wata tafiya da muka yi, sai dai sunan gandun dajin ya ɓace mini. Na dai tuna akwai kogi, akwai kuma gwaggon biri masu satar abincin baƙi. Wani malami ne da ya yi ritaya ya ɗauki kallon tsuntsaye abin yi. Ya zo gandun da madubin hangen nesa da kyamara, ya ce ba abin da ya kawo shi sai burtu, baƙin tsuntsun nan mai dogon baki da ke kiwo a ƙasa. Aka haɗa shi da ɗan jagora, Tanimu. Suka yi ta yawo, sun ga giwa, sun ga ɓauna, burtu kuwa ko gashinsa. Ga malam zai koma gida washegari, ga Tanimu ya riga ya cika baki cewa ba a taɓa yin baƙon da ya bar hannunsa bai ga abin da ya zo nema ba. Sai Tanimu ya tafi wajen kawunsa, Baba Jatau, tsohon maharbin da ya ajiye baka amma bai yar da kan burtunsa ba, wato wanda maharba ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi ta rarrafe har su kusanci nama.

Da safe Tanimu ya zaunar da malam a gindin wata tsamiya. Can sai ga burtu cikin ciyawa, yana tafe yana saran ƙasa.

Malam ya ɗora madubi, ya yi raɗa: “Tanimu, kada ka motsa. Dubi tafiya, kamar basarake!”

Ya yi ta ɗaukar hoto har rana ta ɗaga. Ana cikin haka burtu ya tsaya, ya yi atishawa, ya ce, “Alhamdu lillahi.”

Tanimu, ɗan gidan tarbiyya, bai san sanda ya ce, “Yarhamukallahu” ba.

Malam ya sauke madubi a hankali. Burtu ya ga ba sauran ɓoyo, ya miƙe tsaye yana cire ƙaya daga gwiwa, ya ce, “Yallaɓai, an kwana lafiya? Ya baƙunta?”

Malam ya ce, “Haba Baba! Da furfurarka? Ni za ku mayar sakarai? Tun safe ina zaune ina kallon mutum!”

Baba Jatau ya gyara zaman kan burtun a goshinsa, ya ce, “Kada ranka ya ɓaci, yallaɓai. Barewa ma haka take tsayawa tana kallona. Sai dai ita ba ta daɗewa haka kafin ta gane, kuma ba ta da madubi.”