Yadda firiji uku suka mai da ni attajiri

Yau da safe na je ƙaramin asibitin unguwarmu karɓo wa matata Nohemí allurar ciwon suga, kamar kowane wata. Na bi layi har rana ta fara gasa mini ƙeya. Da na isa taga, yarinyar da ke ba da magani ta danna kwamfuta, ta dube ni, ta dubi silifas ɗina, ta sake duban kwamfuta.

"Don Efraín," in ji ta, wato Malam Efraín a bakin mutanenmu, "ai an cire ku daga inshorar gwamnati. Samunku ya wuce na talaka."

Na waiga in ga ko akwai wani Efraín a bayana. Wata tsohuwa ce kawai tana tari.

"'Yata, wane samu? Tun da aka rufe masaƙa bara ban sake jin ƙanshin albashi ba."

"Ni dai abin da na'ura ta ce ke nan. Na gaba!"

Jama'a, ku taya ni murna, na yi arziki ban sani ba. Kuma na san ranar da na yi shi.

Kun san yadda ake yi a nan birninmu Barranquilla. Manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, ba sa tambayar talaka nawa yake samu. Ma'aikaci suke turowa ya leƙa ɗakinka ya rubuta abin da ya gani, na'ura ta ƙiyasta samunka. Shi ya sa in aka ji masu ƙidaya sun kusa, za ka ga firiji yana tsallake titi a kan baro, an lulluɓa masa zanen gado kamar mara lafiya.

Watannin baya aka ce layin bayanmu za su shiga, namu kuwa sai wata shekara. Wilfrido, wanda ya tsaya wa ɗiyata ranar baftisma, ya turo firijinsa da talabijin. Doña Ludivina, tsohuwar da ake yi wa wankin ƙoda, ta aiko da nata firijin da injin wankin da ɗanta ya bar mata. Firiji na ukun kuwa sai da aka zo ɗauka na san mai shi. Falonmu ya cika, sai a karkace ake wucewa.

Ashe ma'aikacin ya sauka daga bas a kwanar da ba ita ba. Ƙofar farko da ya ƙwanƙwasa tawa ce. Ya shigo yana share gumi, ya tsaya cak.

"Don Efraín, duk naku ne?"

Na dubi Nohemí, ita kuma ta dubi rufin kwano. In na ce na wane ne, na tona asirin layi guda. Na ce, "To... a gidana dai suke."

"Allah ya ƙara buɗi," in ji shi, yana ta danne-danne.

Ni kuma, don ladabi, na ce amin.

Daga asibitin yau na zarce ofishin Mai Girma Sarkin Auna Talauci. Shi ban gan shi ba, an ce yana taro a otal kan yadda za a kusanci talakawa. Wani ƙaramin ma'aikacinsa ne ya saurare ni, cikin sanyin na'urar ofis da ya sa na ji kamar in nemi izinin kwana.

"Ranka ya daɗe, ko kuɗin wutar kwan fitila ɗaya da ƙyar nake biya. Firijin nan ko jona su ban yi ba."

"Abu mai sauƙi. Kawo masu kayan su sa hannu cewa nasu ne, yau a mayar da ku."

"Su kuma fa?"

"Sai na'ura ta sake duba nasu samun."

"In ban kawo su ba?"

"Ka jira a sake zuwa gidanka. Masu jira sun kai baɗi."

Na yi godiya. Ai dole a yaba, ban taɓa ganin inda aka tsara wa mutum zaɓi da kyau haka ba.

A hanya wasa ya fita daga kaina. Allurar da ta rage wa Nohemí ba za ta kai ƙarshen wata ba, kuma na taɓa ganin yadda take zama in sugan ya hau. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoye muku.

Na same ta tana fere rogo, na zayyana mata komai. Ko wuƙar ba ta ajiye ba.

"Efraín, in ka kai sunan Ludivina ofishin nan, ka nemi mai dafa maka abinci. Ni allura zan rasa, sai mu yi ta faɗi-tashi. Ita in ta rasa wankin sati guda, makabarta za mu raka ta."

"To ke fa?"

"Ni na auri attajiri, ina ruwana?"

Muna cikin haka sai ga Wilfrido ya turo wani sabon babur, yana sosa ƙeya. Labari ya riga ni isa gida. Ya kira ni da sunan da mu ke kiran juna tun ranar baftismar ɗiyata.

"Compadre, na ji abin da ya faru, raina ya ɓaci ƙwarai. Amma tunda ka riga ka zama mai kuɗi... jibi masu ƙidaya za su shiga layin surukina, babur ɗin nan nasa ne. Babur ɗaya ai ba zai ƙara maka komai ba."

Na buɗe baki in zage shi, Nohemí ta riga ni.

"Shigo da shi, compadre. Kuɗin ajiya kwalbar allura ɗaya, daga kantin magani, da sanyinta. Ka gaya wa sauran masu firiji su ma."

Kafin rana ta faɗi ya kawo kwalbar. Yanzu haka akwai keken ɗinki da fanka biyu suna jira a ƙofa.

Saboda haka ina miƙa godiya ga Mai Girma. Shekara guda ina yawon neman aiki, ashe shi ya tanadar mini: ni ne mai kuɗin unguwa. Roƙona ɗaya, in za a turo mai ƙidaya, a yi mini waya tukuna, don ban san gidan da zan kai wannan kaya ba.