Rasuwar Gwabar Ƙofar Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma ba baƙin ciki kaɗai ba, ni Labaran Uba, maigadin ƙofar baya a masaƙarmu ta Sharada, nake sanar da rasuwar gwabata, wadda ta cika ranar Talata, sha biyu ga Afrilu, 1983, tana da shekara tara.

Ni na kawo ta daga Panshekara a gwangwanin madara. Ruwan alwala ya raine ta, domin duk ma'aikacin da zai yi sallah a gindinta yake tsugunawa. A inuwarta muke sallah, a nan muke cin abincin rana. Ba ta da surutu. In iska ta taso sai ta ce shuu, ta yi shiru.

Ciwonta ya fara ne ranar da Injiniya Sule ya sa aka juya bututun da ke fitar da hucin injin, wai yana dusashe fentin motar manaja. Aka karkato bakinsa ya dubi marigayiya. Sau uku ina zuwa ofishinsa, ina jira ya gama waya. Ya ce ai gwaba 'yar rana ce, in ƙara mata ruwa. Na yarda, kuma wannan laifina ne. Muka yi ta ba ta ruwa, har waɗanda ba a san su da sallah ba suka fara alwala.

Sai da na kai ganyenta wurin Malam Idrisu, tsohon malamin gona da ke koya mana karatu a ajin manya, na san abin da aka yi mata. Ya ce ganye ƙananan ɗakuna ne, kowanne da tantani kamar na cikin ƙwai. Zafi in ya wuce kima sai tantanin ya saki kamar man shanu a rana, abin da ke ciki ya tsiyaye. Koren nan kuwa shi ne murhun da take dafa abincinta da hasken rana, kuma shi ne ke fara lalacewa. Ga shi ta toshe ƙofofin numfashinta don tattalin ruwa. Wato ƙafarta cikin laka, rana a kanta, yunwa na cin ta. Wata biyu tana haka ina gadinta.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙaras.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyu a gwangwani, da ƙadangare guda, da Hajiya Sauda mai abinci, wadda yanzu miyarta ke tsami kafin azahar, da sahu biyu na masallata da goshinsu ke toyewa a kan siminti. Motar manaja tana nan lafiya.

Za a sare ta ranar Asabar, da hannuna. Ba za a ba kowa itacen ya hura wuta ba. A bayan ɗakin gadi za a binne ta. Za a karɓi gaisuwa a inda take tsaye, da ƙarfe biyu na rana, ba rumfa. An ware wa Injiniya Sule kujera a gaban bututun, ta ƙarfe, kuma ana roƙonsa ya zauna har a shafa Fatiha.