Mazaunin Madubin Bindigar Orval

"A'a, tsoho, ashe kana nan da ranka? Da na hango hayaƙi a saman rufi ai na ɗauka magada ne suka tare."

"Ina nan daram, sai na ga furfurarki. Rufe min ƙofa, sanyi ma ya fi ki ladabi, shi sai an buɗe masa yake shigowa."

Kendra ta tura ƙofar garejin da ƙafa, ta dire kwali a kan teburin aikin kakanta. Saura kwana uku a buɗe farautar barewa a Montana, kuma tun Orval yana ɗan shekara sha biyu ranar buɗewa ba ta taɓa wuce shi ba. Yanzu yana da saba'in da tara. Bara ya harbi barewa ya karya mata ƙafa, ya bi jini har yamma bai same ta ba. Abin ya tsaya masa a rai, har ya rantse ba zai sake hawa dutse ba sai ya tabbata yana ganin abin da yake harbi. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa masu madubin bindiga dariya, ga shi yau ya aiki jikarsa ta sayo masa ɗaya, irin mai jawo abu kusa daga ninki ɗaya zuwa shida. Abin da ya rage shi ne mazaunin da za a ɗora shi.

Ta fito da iri biyu: wani dogo mai wuya, ƙarfe guda, da wasu gajerun zobba biyu.

"Wannan mai wuyan raƙumin fa? Tsani kika sayo min?"

"Saboda ƙusumbinka ne. Na ga wuyan naka ya daina lanƙwasuwa."

"Na bindigar 'yan gayu ne, masu harbin gwangwani ran Lahadi. In na ɗora shi, kuncina zai tashi daga katakon bindigar, in riƙa leƙe kamar mai satar kallon maƙwabta."

"Wane kunci? Ai tun da haƙora suka gudu kuncin ya bi su."

"Da wannan kuncin na sace zuciyar kakarki, kuma ta fi ki kyau ko da tana mura."

Kendra ta ɗora zobban a kan bindigar, ta zura madubin ba ta ɗaure ba. Haka ake yi. Mai bindiga zai rufe ido, ya kai ta kafaɗa, ya kwantar da kunci inda ya saba, sannan ya buɗe. Inda idon ya faɗa, nan za a ɗaure madubin, kuma daga ranar bindigar ta zama ta wannan idon.

Orval ya rufe, ya ɗaga, ya buɗe. Da'irar haske ta cika masa ido tsaf.

"Kin gani? Gajerun ne daidai. Ilimin jami'arki ya tashi a banza."

"Na ji. To buɗe taga. Na manna farantin takarda a jikin shinge, taku ɗari, na yi rubutu a tsakiya. Karanta min, gwanin gwanaye."

Ya jingina bindigar a bakin taga. Ya ga shinge, ya ga ƙanƙara, ya ga gefen farantin fari fat. Amma daidai inda layukan madubin suka haɗu, wani toka-toka ne zaune. Ya murɗa zuwa shida. Farantin ya ƙara girma, tokar ma ta ƙara. Ya matsa kan ginshiƙin shinge, ginshiƙin ya ɓace. Duk abin da ya saita, shi ne ke ɓacewa. Ya san ba gilashin ne da laifi ba, idonsa ne.

"Rubutunki kamar kaza ta yi tonon ƙasa," in ji shi.

"Babba ne fa, Kaka," ta ce a hankali.

Rabon da ta kira shi Kaka tun ranar jana'izar matarsa. Ya daɗe kuncinsa na kan katakon kafin ya ɗago. Ya goge idon da bayan hannu, ya miƙa mata bindigar.

"Rufe ido."

"Kaka, bari mu gwada dogon, ko a je wajen likita a..."

"Likita ya gaya min tun bazara idon ba zai gyaru ba, ni ne na yi taurin kai. Rufe idon nan naki mai kama da na mujiya."

Ta rufe, ta ɗaga, ta buɗe.

"Akwai baƙi a gefe. Ya yi min nisa."

"Dole, da wuya kamar na kwalba." Ya ja madubin baya faɗin yatsa. "Yanzu fa?"

"Ya cika."

Ya ɗauki sukudireba, ya lalubi kan kusoshin da ɗan yatsa, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya.

"Ran Asabar, ranar buɗewa, zan zauna a mota da kofina. In kika dawo hannu rabbana, zan gaya wa duk garin a bakin titi muka tsince ki."

"In na kawo barewar fa?"

Orval ya yi dariya har da tari.

"Hantar tawa ce. Ita ko babu haƙori tana tauno."