Nomau Uwar 'Yan Tsaki

A ƙarshen unguwarmu akwai wani gida mai ɗaki biyu. Ɗaya na Gwaggo Tabawa ne, ɗaya na Nomau, ɗan ƙanenta, wanda ta raina tun yana jariri da uwarsa ta rasu. Nomau ya haura talatin, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai duk yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Abin da uwarsa ta bari a duniya kaza ce guda. Gwaggo ta yi ta riƙon irinta shekara da shekaru, har ya rage saura wata kaza wake-wake. Ita ma ranar da ta ƙyanƙyashe tara, shaho ya sure ta. Gwaggo ta dubi 'yan tsakin ta ce, "In waɗannan suka mutu, abin uwarka ya ƙare. Yanzu kai ne uwarsu." Nomau ya ce, "To, Gwaggo."

Wata rana da sassafe suka takure suna rawar ɗari. Gwaggo ta ce, "Uwa a jikinta take ɗumama 'ya'yanta." Nomau ya ɗaure ƙugunsa da igiya, ya zuba su cikin riga, haka ya yi ta yawo har ya tafi sallar azahar da su. Ana cikin raka'a ta biyu rigarsa ta ɗauki tsiyau-tsiyau, sahu ya yi ta gyaran murya. Da aka sallame liman ya ce, "Nomau, kada su sake shigowa masallaci." Tun daga ranar a bakin ƙofa yake bin jam'i, cikin rana, wajen takalma.

Wata rana ya tambayi abin da zai ba su. Gwaggo ta ce, "Yadda uwarsu ke yi." Sai ga ƙaton mutum a kan juji, yana tona da ƙafa, yana ja da baya, yana kiransu. Mun yi dariya har da riƙe ciki, ni da ke ba ku labari na fi kowa. Amma gara ya yi ta tono musu, kuma ban taɓa ganin 'yan tsakin da suka yi saurin fiffike kamar nasa ba.

Wata rana shahon ya dawo ya ɗauke ɗaya. Nomau ya wuni bai ci abinci ba. Gwaggo ta ba shi galura ta ce, "Rina su, shaho ba ya gane mai launi." Ya rina takwas ɗin suka yi jawur, sannan ya juye sauran a kansa. Na ce, "Kai kuma fa?" Ya ce, "Ai uwar ya fara ɗauka."

Wata rana Gwaggo na fama da ciwon kai, su kuma sun cika tsakar gida da kuka. Ta ce, "Don Allah kai su inda ba zan ji kukansu ba." Nomau ya kife su a kwando, ya ɗauki ƙullin gari, ya miƙe. Bai tsaya ba sai bukkarsu ta gona, bayan rafi. Aka aika masa ya dawo, ya ce in ya dawo Gwaggo za ta ji su. Gwaggo ta yi fushi ta ce a bar shi ya gaji don kansa.

A makon ne ciwon kaji ya shigo gari. Kaza za ta yi ta gyangyaɗi, kafin la'asar ta miƙe ƙafa. Cikin kwana goma ba akurkin da ya tsira, nawa ma kaf. Aka wayi gari ba zakaran da ya yi cara a unguwa.

Da abin ya lafa, Gwaggo ta ɗauki sandarta, na raka ta har gona. Muka tarar da shi a gindin kalgo, galurar kansa ta koɗe, takwas ɗin suna kiwo a gefensa. Ta ƙirga su sau biyu, ta goge ido da bakin mayafi.

Nomau ya miƙe a tsorace ya ce, "Gwaggo, har nan ma kina jinsu? Bari mu ƙara gaba."

Ta riƙe hannunsa ta ce, "A'a, ɗan nan. Ɗauko su mu tafi gida, so nake in ji."