Rasuwar Mavis, Wadda Aka Ɗura wa Harsashi Mai Tsukakken Gindi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai huce ba, ni Desmond Kuhl na gonar tumaki da ke bayan Hughenden nake sanar da rasuwar bindigata, Mavis, wadda na gada daga mahaifina.

Marigayiya ba ta da kwaɗayi. Abincinta ɗaya ne: gajeren harsashi mai shafaffen gindi, wanda nake ɗurawa da hannuna a rumfar askin tumaki. Irinsa ne ke toshe tsohon maƙogwaronta ruf, zafin albarushi bai samun hanyar wucewa. Ba ta taɓa cika bakin harbin nesa ba. Amma daga baranda zuwa shingen garke, in ta ce "tas!", karen daji ya gama cin rago a duniya.

Ciwon ajalinta ya zo ne ta hannun Warwick, ƙanin matata, da ya are ta zuwa gasa. Na ba shi harsasanta, ya yi dariya.

"Haba Yaya, wa ke harba wannan yanzu sai tsofaffi? Mai tsukakken gindi ake yayi, shi ke yanka iska."

Na ce, "Kai yaro, murɗin da ke cikin bututunta ba zai riƙe dogon harsashi irin wannan ba."

Bai ji ba. Ya ɗura mata nasa, suka riƙa isa allon da ake harbi a karkace. Maimakon ya tsaya, sai ya ƙara albarushi, ya yi ta harbi ba hutu har cikinta ya ƙone. Ya dawo da ita a nannaɗe cikin bargo, wai "dama ta tsufa".

Ta bar ni, da matata Noelene, da tumaki masu ciki da suka kusa haihuwa, da 'yata Tegan wadda karnuka suka riga suka yaga mata rago biyu cikin waɗanda ta shayar da kwalba. Yarinyar ta daina cin abinci sosai, kullum tana bakin taga.

Za a kai gawa wurin dillalin bindigogi ranar Asabar a soke rajistarta. Daga nan a gasa nama a gida. Warwick ba ya cikin masu ci. An kafa masa tanti a tsakiyar garke, zai zauna har tunkiya ta ƙarshe ta haihu. In karnuka sun zo, ya yi musu bayanin yankan iska.