Ranar da na ƙi shiga motar surukina

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, motocin haya suka yi wuya a hanyarmu. Wata Asabar da hantsi ina tsaye a Gagarawa Tasha, zan je ɗaurin aure Gumel, kuma ni ne wakilin ango. Sai ga Habibu, mijin 'yata, ya tsayar da motarsa. Ya fito ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, Gumel za a je? Bismillah, ku shigo."

A yadda aka rene mu, dattijo ba ya karɓar tayin suruki da fari, sai an roƙe shi sau uku. Na gyara zaman hulata na ce, "A'a, ɗana, yi tafiyarka. Akwai wanda nake jira."

Har na tattare bakin rigata, ina shirin shiga a tayi na uku. Na manta yaron a Legas ya tashi.

"To Baba, Allah ya kawo shi lafiya," in ji shi. Ya ja motarsa.

Sai bayan azahar na isa, a bayan akori-kura, tsakanin buhunan gero da awaki biyu. An ɗaura aure, ƙanena ya yi wakilcin, ko dabino ban tarar ba. Habibu kuwa, bawan Allah, ya riga ya shaida wa jama'a cewa wani babban baƙo nake jira.

Na gaji da bayani. Har yau in na zauna a ƙofar masallaci, sai wani ya rage murya ya ce, "Malam, har yanzu bai iso ba?"